Star Trek, Doctor Who, X-Files ko Firefly: da wane labarin zane ya kamata ka fara?

Duk wanda ya taɓa bin shiri mai dogon zango har ƙarshensa ya san yadda rai ke neman ƙari bayan an rufe labule. Kamfanonin da suka mallaki irin waɗannan shirye-shirye su ma sun sani, shi ya sa tun shekarun 1960 suke sayar wa masu buga littattafan zane lasisin ci gaba da labaran jarumansu a kan takarda. A fagen almarar kimiyya abin ya fi yawa, don a takarda ba a biyan kuɗin gina jirgin sama jannati ko ɗinka wa dodo kaya. Alƙalami da tawada sun wadatar. Matsalar ita ce an buga irin waɗannan littattafai da yawan gaske, masu kyau da na cika shafi duk a haɗe, kuma bangonsu ba ya nuna wanne ne wanne. Na ɗauki shirye-shirye huɗu da aka fi yi wa wannan hidima don in auna su ga wanda yake son ya fara karatu amma ba ya son ya yi asarar kuɗinsa da lokacinsa.

Kafin a shiga ɗaya bayan ɗaya, akwai tambayar da nake ganin ta fi sunan shirin muhimmanci: a lokacin da aka rubuta littafin, shirin yana kan haskawa ne ko an dakatar da shi? Idan yana kan haskawa, hannun marubucin a ɗaure yake. Ba zai kashe kowa ba, ba zai aurar da kowa ba, ba zai tona wani sirri da masu shirin suke ajiye da shi ba. Duk yawon da ya yi da jarumai, dole ya mayar da su inda ya ɗauko su kafin shafin ƙarshe. Kowane labari da kowane zanen fuska sai ya bi ta ofishin masu lasisi an sa masa hannu. Amma idan shirin ya tsaya, masu shi kan sassauta, sai marubuci ya sami damar yin abin da zai bar tabo a rayuwar jaruman. Mafi yawan littattafan da zan yaba a nan daga irin wannan lokaci suka fito.

Star Trek ne ya fi kowa tarin kaya. Shirin Gene Roddenberry na asali ya yi zango uku kacal a tashar NBC, daga 1966 zuwa 1969, amma littattafansa na zane sun fara tun 1967 a hannun kamfanin Gold Key, wanda ya buga fitowa 61 zuwa 1979. Waɗannan na farko abin dariya ne da ban sha'awa a lokaci guda. A Italiya aka riƙa zana su, kuma Alberto Giolitti, wanda ya yi yawancin na farko-farkon, bai taɓa kallon shirin ba, da hotunan talla ya yi aiki. Shi ya sa za ka ga jirgin Enterprise yana fesar da wuta ta baya kamar roka, abin da ba ya yi a talabijin. A fitowa ta farko ma Spock, mataimakin kyaftin ɗin jirgin, mutumin da aka sani da sanyin kai da kiyaye rai, shi ne ya ƙone duk wata tsiro mai rai a wata duniya. Wanda yake son tarihi ya leƙa su, amma kada ya fara da su, don zai ɗauka haka sauran suke.

Daga nan lasisin ya yi ta yawo. Marvel ya riƙe shi daga 1980 zuwa 1982, DC daga 1984 zuwa 1996, Malibu ya yi na Deep Space Nine, Marvel ya sake karɓa, WildStorm ya ɗan taɓa, har ya zauna a hannun IDW tun 2007. Zamanin DC ne ya fi nuna ɗaurin da na ambata. Bayan fim ɗin Star Trek na uku, wanda aka tarwatsa Enterprise a cikinsa, marubutan suka ɗora Kirk, jagoran jirgin, a kan jirgin Excelsior, suka ba Spock nasa jirgin, labari ya yi nisa. Da fim na huɗu ya gabato a 1986, sai aka koma aka warware komai don jarumai su tsaya daidai inda fim ɗin zai ɗauke su. Duk da haka akwai ƙirƙira a ciki: tun 1984 suka sa wani ɗan ƙabilar Klingon mai ƙin yaƙi, Konom, cikin ma'aikatan jirgin, shekara uku kafin Worf, wanda shi ma ɗan Klingon ne, ya bayyana a talabijin. Da aka sabunta lasisin a 1989, kamfanin Paramount ya ƙara matse igiya, aka sallami irin waɗannan jarumai da littafin ya ƙirƙira da kansa. Labaran Peter David na wannan zamani har yanzu suna karantuwa, saboda ya iya sa wa Kirk da Spock da McCoy magana a baki yadda za ka rantse muryarsu kake ji.

Ga sabon shiga, ni ina ganin ƙofar Star Trek ita ce Year Five, wanda IDW ya buga daga 2019 zuwa 2021 ƙarƙashin jagorancin Jackson Lanzing da Collin Kelly. A farkon kowane kashi na tsohon shirin ana cewa tafiyar shekara biyar jirgin ya fita, amma shekara uku aka nuna. Wannan littafi ya ɗauki shekarar ƙarshe, da dawowa gida, da tunanin abin da kowa zai yi bayan an rabu. Yana da farko, yana da ƙarshe, kuma babu wani shiri mai gudana da zai zo ya ƙaryata shi. Su dai waɗannan marubuta biyu sun fara wani jerin a 2022 inda Benjamin Sisko ya dawo ya ja ragamar jirgi tare da Data da Beverly Crusher da Scotty da Tom Paris. Yana da daɗi, amma ga wanda ya kalli shirye-shiryen gidan da yawa aka rubuta shi. Wanda bai san su wane ne waɗannan mutane ba, rabin armashin zai wuce shi.

Raunin Star Trek a takarda ɗaya ne, kuma babba ne. Ƙarfin shirin yana cikin muhawara: mutane zaune a ɗakin tuƙi ko ɗakin taro suna jayayya kan abin da ya dace a yi. A talabijin, ɗaga girar Leonard Nimoy, mai fitowa a matsayin Spock, kaɗai ta isa ta riƙe mai kallo. A zane kuwa, shafi huɗu na kawuna masu magana na iya sa barci idan mai zanen ba gwani ba ne.

Doctor Who daban yake, kuma a nan zan fi daɗewa, don a ganina shi ne ya fi dacewa da takarda a cikin huɗun. Tsarin shirin ne ya ba shi wannan: mutum ɗaya da ake kira Dakta, mai yawo cikin zamani da sararin samaniya a cikin akwati shuɗi, yau yana nan, gobe yana can, abokan tafiyarsa suna sauyawa, shi kansa yana sauya fuska da hali, shi ya sa ake ƙirga shi: Dakta na farko, na biyu, da sauransu. Kowace tazara tsakanin kashi biyu na talabijin za ta iya ɗaukar tafiya ɗari ba tare da an taka wa kowa ƙafa ba. BBC ta fara shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, shekara guda bayan haka mujallar yara ta TV Comic ta fara zana shi, har ta ƙirƙira masa jikoki biyu, John da Gillian, waɗanda talabijin ba ta san da zamansu ba.

Aikin gaske ya fara ne a Oktoban 1979, lokacin da reshen Marvel na Birtaniya ya buɗe Doctor Who Weekly, mujallar da ta koma ta wata-wata, ta zama Doctor Who Magazine, kuma har yau tana fitowa a hannun kamfanin Panini. Dubi mutanen da suka yi mata aiki a farko: Pat Mills da John Wagner a rubutu, Dave Gibbons a zane, wanda daga baya ya zana Watchmen. Alan Moore ya rubuta gajerun labarai a bayan mujallar, Grant Morrison ma ya taɓa. Waɗannan mutanen sana'ar zane ce tasu tun asali, saboda haka ba su tsaya kwaikwayon talabijin ba. A lokacin da BBC take fama da ƙaramin kasafi da dodanni na roba, su suna zana daular Rum da ba ta taɓa faɗuwa ba, ta mamaye taurari da rundunar mutum-mutumi. Labarinsu na 1980, The Star Beast, game da wata halitta mai laushin gashi da manyan idanu wadda a zahiri azzaluma ce, ya yi ƙarfin da sai da talabijin ta dawo ta aro shi: shi ne aka mayar kashi na musamman a Nuwamban 2023, lokacin bikin cika shekara 60, tare da David Tennant da Catherine Tate. Ba kasafai ake ganin haka ba, a ce shiri ne ya bi sawun littafin da aka yi dominsa.

A tsakiyar shekarun 1980 Steve Parkhouse da mai zane John Ridgway suka haɗa Dakta na shida da wani abokin tafiya mai rikiɗa, Frobisher, wanda ya zaɓi ya zauna a siffar tsuntsun fengwin. A allon wancan zamani abin da ya zama shirme. A takarda kuwa ya zauna daram, kuma labarinsu mai suna Voyager, wanda ke tafiya kamar mafarki, yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi da wannan jarumi a kowace kafa.

Sai kuma dogon lokacin fari. An dakatar da shirin a 1989, aka yi fim ɗin talabijin guda ɗaya a 1996 da Paul McGann a matsayin Dakta na takwas, daga nan shiru har 2005. Shekara tara mujallar tana riƙe da wannan Dakta a zane, babu shirin da zai ce mata kar ki yi kaza. Marubuta, musamman Scott Gray, suka ba shi abokiyar tafiya, Izzy Sinclair, yarinyar da ta shiga akwatin nan shuɗi tana gudun rayuwarta, suka bar ta ta girma, ta sha wuya, ta sauya. Panini ya tattara wannan zamani a kundi huɗu: Endgame, The Glorious Dead, Oblivion da The Flood. Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak daga duk abin da ke cikin wannan rubutu, su zan ɗauka. Sai dai a sani, har zuwa 2001 zanen baƙi da fari ne, kuma da yake shafuka kaɗan ake bugawa kowane wata, labarin yana gudu da sauri, kowane ɗan yanki yana ƙarewa a kan gaɓa mai ɗaga hankali. Wanda ya saba da littattafan Amurka masu launi da shafi ashirin zai ɗan ji bambanci kafin ya saba.

Irin wannan mai karatu yana da mafita. Titan Comics ya karɓi lasisin littattafai masu tsarin Amurka a 2014, bayan IDW. Dabararsu mai kyau ce: sun ɗauki Daktocin da suka riga suka bar allo, suka ba su sababbin abokan tafiya. Na goma ya sami Gabby Gonzalez a rubutun Nick Abadzis, na sha ɗaya ya sami Alice Obiefune, ma'aikaciyar laburare daga Landan da ke cikin juyayin rasuwar mahaifiyarta, a rubutun Al Ewing da Rob Williams. Shekarar farko ta na sha ɗayan ta fi burge ni, don ta yi wasa da tsarin shafi da juya lokaci ta hanyar da kyamara ba za ta iya ba. Aibin Titan shi ne yawa: jeri da dama a lokaci guda, ga haɗakar Daktoci kusan kowace shekara, har mutum ya rasa inda zai kama. Akwai ma littafin da IDW ya yi a 2012 inda Dakta na sha ɗaya ya haɗu da Kyaftin Picard na Star Trek suka fuskanci abokan gaban gidajen biyu, Borg da Cybermen, tare. Tunanin ya fi aikin daɗi, amma wanda yake son gidajen biyu ba zai iya ƙin leƙawa ba.

The X-Files ya fi sauran wahalar mayarwa zane. Shirin Chris Carter, wanda Fox ta nuna daga 1993 zuwa 2002, ya dogara ne da abin da ba a gani ba: duhu, fitilar hannu, kiɗan Mark Snow, da kallon da jami'an bincike biyu, Mulder da Scully, suke yi wa juna. Takarda ba ta da sauti, kuma abin da aka zana an riga an nuna shi. Kamfanin Topps ya buga fitowa 41 daga 1995 zuwa 1998, lokacin shirin yana kan ganiyarsa. Na farko-farkon, waɗanda Stefan Petrucha ya rubuta, Charlie Adlard ya zana, su ne masu daraja. Adlard, wanda daga baya ya yi suna da The Walking Dead, bai damu da fitar da fuskar David Duchovny, mai fitowa a matsayin Mulder, sak ba, inuwa ya fi bai wa ƙarfi, kuma hakan ya dace da labarin. Amma ɗaurin yana nan: duk abin da Scully ta gani, dole ta wayi gari tana shakka, don haka talabijin take buƙatarta.

A 2013 IDW ya fito da Season 10, rubutun Joe Harris, da sunan Chris Carter a jiki, aka tallata shi a matsayin ci gaban labarin na haƙiƙa. Fitowa 25 ya yi, ya dawo da tsofaffin fuskoki har da waɗanda aka binne a talabijin, aka ɗora da Season 11. Ana cikin haka sai Fox ta farfaɗo da shirin a Janairun 2016 da kashi shida, ta bi wata hanya dabam, ba ta ko waiwayi abin da littafin ya gina ba. Wannan shi ne haɗarin sayen littafi don an ce maka shi ne sahihin ci gaba. Kamar gini ne a filin aro: ranar da mai fili ya dawo, ba ya tambayar nawa ka kashe. Wanda zai iya karanta Season 10 a matsayin wata hanya da labarin zai iya bi, zai ji daɗinsa, wasu ma sun fi son sa a kan abin da aka haska. Wanda kuma yake son abin da ya karanta ya zama shi ne ya faru, ransa zai ɓaci.

Firefly, shirin Joss Whedon kan ma'aikatan wani jirgin sama jannati, shi ne ƙarami, kuma ƙanƙantarsa ce ribarsa. Kashi 14 kawai aka yi a 2002 kafin Fox ta soke shi, sai fim ɗin Serenity a 2005. An bar tambayoyi a buɗe, littattafan Dark Horse kuma suka zo amsa su kai tsaye, da hannun Joss Whedon ko ɗan'uwansa Zack a cikin yawancinsu. Those Left Behind na 2005, fitowa uku, ya cike tazarar da ke tsakanin shirin da fim. The Shepherd's Tale na 2010, zanen Chris Samnee, ya buɗe tarihin malamin nan Book, wanda shirin ya yi ta nuna yana da ɓoyayyen baya, kuma ya ba da labarin ne daga ƙarshe yana komawa farko. Leaves on the Wind na 2014, fitowa shida, ya ɗora daga inda fim ya tsaya. Duk abin da Dark Horse ya yi bai wuce a karance shi a ƙarshen mako ba, kuma Boom! Studios, da ya karɓi lasisin a 2018, ya sake buga su a kundi biyu. Jerin da Boom ya fara da kansa a rubutun Greg Pak ya fi tsawo, ya fi sakin jiki, kuma a nan ra'ayin masoya ya rabu. Ni ina ganin ya yi nisa da muryar shirin yayin da ya ci gaba. Babban sharaɗi dai shi ne, littattafan Firefly ba su da amfani ga wanda bai kalli shirin ba. Ba sa gabatar da kowa, suna ɗauka ka riga ka san mutanen jirgin kana kewarsu.

Wannan ya kawo mu ga bambancin da zai yanke wa yawancin masu karatu hukunci. Firefly da X-Files na wanda ya riga ya kalla ne, yana neman ƙarashe. Star Trek na tsakiya: Year Five zai karɓi wanda ya san Kirk da Spock ko da sama-sama ne, sauran kuwa suna neman wanda ya yi zurfi. Doctor Who na mujalla ne kaɗai zan iya miƙa wa mutumin da bai taɓa kallon kashi ɗaya ba in ce ya karanta, don labaran Mills da Wagner da Gibbons suna tsayawa da ƙafarsu. Ta fuskar aljihu kuma lissafin a juye yake: Firefly na Dark Horse yana da iyaka, Season 10 ma haka, amma Star Trek da Doctor Who rijiya ce, sai mutum ya sa wa kansa ƙa'ida tun farko.

Kowanne ka zaɓa, kundin da ya tattara labari guda ya fi bin fitowa ɗaiɗai, don tsofaffin fitowa suna wuyar samu, kuma lasisi idan ya sauya hannu littattafan tsohon kamfani kan ɓace daga kasuwa, har da na intanet. Kafin ka biya, kada ka tsaya a bango, don sau da yawa wani ne ya zana bangon, wani ya zana ciki. Buɗe tsakiya ka nemi shafin da babu faɗa, mutum biyu kawai suna magana. Idan fuskokin sun yi kama da 'yan wasan sosai amma sun sandare, idanu ba sa kallon juna, to daga hotuna aka kwafe su, kuma haka za ka yi ta fama har ƙarshe. Idan kamannin bai cika ba amma ka gane wane ne daga yadda ya tsaya da yadda ya karkata kai, mai zanen ya san aikinsa. Daga nan sai ka duba shekarar bugu a shafin farko, ka gwada ta da shekarun da shirin yake kan allo.